Yadda ake ɗaura sensa a jikin inji don ta ba da awo na gaskiya

Galibin awon da ke fitowa ba daidai ba a masana'anta, ba laifin sensa ba ne, wato na'urar da ke yin awon, laifin ɗauri ne. An fi ganin haka a sensar girgiza.

Irin wadda aka fi sakawa a injin lantarki da famfo da fanka tana da wani ɗan dutse a ciki da ke fitar da lantarki idan aka matse shi. Mafi yawansu milivolt 100 suke bayarwa a kowane g ɗaya, wato fizga daidai da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Wurinta shi ne gidan boris, wato abin da shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa) ke juyawa a cikinsa, ta ɓangaren da nauyin shaf ke dannawa. Kada ka ɗora ta a murfin fanka ko a kan wani siririn ƙarfe, domin rawar murfin za ka auna, ba ta injin ba. A kowane boris ana son awo uku: a kwance, a tsaye, da kuma ta tsawon shaf.

Ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, ka daidaita wurin ya fi gindin sensar faɗi kaɗan. Sai ka huda rami a miƙe, ka yanka tiredin da sukurun sensar zai shiga, galibi M6, wato mai kaurin milimita 6. Ramin ya ɗan fi sukurun zurfi. In sukuru ya taɓa ƙarshen ramin kafin gindin sensa ya zauna, za ta tsaya a kan sukurun tana lilo, kuma ido ba zai gani ba. Shafa giris ɗan kaɗan don ya cike ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sannan ka ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wajen Nm 3 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ko abin da takardar kamfanin ta ce.

Me ya sa ake wannan wahala alhali ana iya manna sensar da maganaɗisu? Saboda lalacewar boris tana fara bayyana ne a girgiza mai saurin gaske. Ɗaurin sukuru yana kama girgiza har Hz 10,000, wato kaɗawa 10,000 a daƙiƙa, maganaɗisu mai ƙafa biyu yana tsayawa wajen Hz 2,000, sandar da ake dannawa da hannu kuwa da ƙyar take kai 1,000. Maganaɗisu ya isa ga zagayen duba na wata-wata, da sharaɗin a yi wa wurin alama a riƙa komawa nan daidai, kuma a kwantar da shi a hankali ta gefe, kada a bari ya fizgu ya bugi ƙarfe.

Ka kama wayar da kilif kusa da sensa, don waya mai kaɗawa tana haifar da nata lantarkin. Ragar kariyar da ke jikinta a haɗa ta da ƙasa ta gefe ɗaya kawai, kuma a nisanta wayar daga wayoyin wutar inji. Kafin ka yarda da kowane awo, sa mitar auna volt tsakanin wayoyin sensar biyu. Volt 8 zuwa 12 lafiya ce. Kusa da sifili, wayoyi sun haɗe. In ya haura kusa da 24, waya ta tsinke ko soket ya saki.

Ƙa'idar ISO 20816, wato ƙa'idar duniya kan girgizar inji, tana auna saurin girgiza da milimita a daƙiƙa, tsakanin Hz 10 da 1,000. Ga matsakaicin inji mai kilowat 15 zuwa 300 a kan tushe mai ƙarfi, ƙasa da 2.8 ana ci gaba da aiki, sama da 4.5 kuwa ɓarna ta kusa. Amma yadda adadin ke hawa daga mako zuwa mako ya fi adadin kansa amfani. Injin da ke juyawa sau 1,500 a minti yana yin 25 a daƙiƙa: girgiza mai ƙarfi a Hz 25 yawanci rashin daidaiton nauyi ce, a 50 tare da motsi ta tsawon shaf saɓanin shaf biyu ne, jerin 25, 50, 75, 100 kuma noti ne ya kwance ko boris ya yi sako-sako.

Sensar nauyi, wadda ke ƙarƙashin sikeli da tankuna da injin gwajin ja, abin da take fitarwa ƙanƙani ne ƙwarai. Mai milivolt 2 a kowane volt, in an ba ta volt 10, milivolt 20 kacal za ta bayar a cikakken lodi. Don haka nauyi ya sauka a tsakiyarta a miƙe, kuma bututun da ke shiga tanki ya zama mai lanƙwasuwa, in ba haka ba shi zai ɗauke wani kaso na nauyin. Kada a yanke wayar mai jijiya huɗu, da tsawonta aka daidaita sensar. Walda tana cikin manyan masu kashe sensar: wutar tana bi ta cikinta ta ƙone siraran wayoyin. A cire ta kafin walda, a sa guntun ƙarfe a madadinta.

Sensar matsi ta fi sauƙi. Tana magana da miliamfa 4 zuwa 20, wato mai auna bar 0 zuwa 10 (bar ma'aunin matsi ne) za ta nuna 12 a bar 5, kuma ƙasa da 3.6 alamar matsala ce a layin. Zaɓi wadda matsin yau da kullum zai faɗa tsakiyar iyakarta. A layin ruwa ta zauna ƙasa da mahaɗar bututu don kumfar iska ta koma sama, a layin gas ta zauna a sama don ruwan da ya taru ya gangara. Ga tururi, sa murɗaɗɗen bututu cike da ruwa a tsakani. Inda bawul ke rufewa farat ɗaya, bugun ruwa na iya lanƙwasa fatar ƙarfen da ke cikinta, sifilinta ya goce har abada, don haka a sa mata matsattsen mashigi mai rage bugu tun ranar ɗauri.