Yadda ake kula da wurare masu tsarki a cikin gandun daji

Sau da yawa idan gwamnati ta shata gandun daji, akan tarar a cikinsa akwai wani dutse, ko kurmi, ko idon ruwa da mutanen yankin ke girmamawa tun kaka da kakanni. Ba a saran ice a wurin, ba a farauta. Wannan hanin ne ya sa wurin ya tsira har hukuma ta zo ta same shi. Don haka jami'in da aka ba amanar gandun ya sani cewa ya tarar da masu gadi, kuma aikinsa ya ƙara musu ƙarfi ne, ba ya ture su ba. IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fitar da jagora kan haka a 2008. Ga yadda aikin yake a ƙasa.

Da farko, nemo masu riƙon wurin. Nan ake yawan yin kuskure, domin jami'i kan tsaya a wurin shugaban gari ya ɗauka ya gama. Mai riƙon kurmin na iya zama wata tsohuwa, ko wani gida da ya gaji aikin, ko limamin majami'a. Ka je inda suke, ka gaisa, ka saurara, kuma kada ka tafi da takardar cikewa a zuwan farko. Wani zai ce ai shi bai yarda da abin da suke yi ba. Ba a nemi ka yi imani da imaninsu ba. An nemi ka kiyaye haƙƙinsu ne, kamar yadda za ka so baƙo ya kiyaye wurin ibadarka.

Na biyu, ku yanke abin da za a bayyana da abin da zai zauna a ɓoye. Ma'aikaci yana son taswira, amma taswira kan zama jagorar ɓarawo: da zarar an saka wurin a intanet, masu satar kayan tarihi da masu neman hoto sun sami hanya. Wani lokaci ya isa a zana babbar da'ira a rubuta "ba shiga", ba tare da faɗin abin da ke ciki ba. A dutsen Uluru na Ostareliya akwai sassan da mutanen Anangu, 'yan asalin wurin, suka hana ɗaukar hotonsu, kuma hukumar gandun tana bin hanin. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta tanadi a nemi yardarsu tun kafin a fara aikin da ya shafe su, bayan an yi musu cikakken bayani, ba da tilas ba. Yardar da ba a iya cewa a'a a cikinta ba yarda ba ce.

Na uku, a rubuta yarjejeniya. Jami'in kirki ana yi masa canjin wurin aiki, alkawarin baka kuma ya tafi tare da shi. Takarda ta faɗi wa ke da ikon yanke hukunci, wa ke shiga, yaushe, da inda za a kai ƙara idan an saɓa. Uluru ɗin dai ya isa misali. An mayar wa Anangu ƙasarsu a 1985, su kuma suka ba gwamnati hayarta na shekara 99, da sharaɗin su ne masu rinjaye a kwamitin gudanarwa. Duk da haka baƙi suka ci gaba da hawan dutsen da masu shi ba sa so a hau. Sai a 2017 kwamitin ya yanke a daina, aka rufe hanyar a Oktoban 2019. Shekara 34 ke nan, amma da ba su da kujeru a kwamitin, da roƙo kawai za su yi ta yi.

Daga nan sai hurumi. A ware tsakiyar wurin ga masu shi, kewayensa kuma a hana noma da gini. Kada a karɓi kuɗin shiga daga wanda ya zo ibadar kakanninsa. A arewacin Habasha, kurame da ke kewaye da majami'un Otodoks su ne ragowar dajin da ya ƙare, kuma abin da ya fi cin su shi ne shanu da garma. Maganin da ya yi aiki katangar dutse ce da mutanen majami'ar suka gina da hannunsu.

Baƙi fa? Ba kullum sai an hana da ƙarfin doka ba. A dutsen Devils Tower na Amurka, tun 1995 ake roƙon masu hawan duwatsu su haƙura a watan Yuni, lokacin ibadar ƙabilun yankin, kuma da yawa suna haƙura. Masu ibada su ma suna iya zama nauyi. Kurmin Osun-Osogbo na jihar Osun a Najeriya, wanda UNESCO ta saka a jerin kayan gadon duniya a 2005, yana cika maƙil a bikin watan Agusta, don haka shirin shara, bayan gida da hanyoyin tafiya dole ne kafin ranar. Ka kuma leƙa bayan iyaka: kogin Osun ya gurɓata ne daga haƙar zinariya da ake yi can sama, nesa da kurmin.

Wani lokaci al'adar ce da kanta ke cutar da dabba, kuma kame ba ya raba wannan gardama. Mabiya majami'ar Shembe a Afirka ta Kudu suna yafa fatar damisa a bukukuwansu. Ƙungiyar Panthera, mai kare damisa da danginta, ta zauna da shugabanninsu, aka ƙera fatar roba mai kama da ta gaske, aka fara rabawa a 2013, shugabannin kuma suka amince da ita.

Kuɗin da baƙi suka biya a raba shi a fili, wani kaso ya tafi ga koyar da matasa. Kuramen Kaya na mutanen Mijikenda a gaɓar Kenya sun shiga jerin UNESCO a 2008, amma dattawan da suka san dokokinsu suna ta tsufa. A ɗauki 'ya'yan wurin aikin rakiyar baƙi da sintiri. Sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, jami'i da masu riƙon wurin su zaga iyaka tare da ƙafa, su ƙirga kututturan da aka sare, su duba ruwan, su gyara yarjejeniyar inda ta gaza.