In ƙarfe mai radiyeshon ya faɗo hannun ɗan kondem, ga abin yi

Wannan magana ta 'yan uwanmu masu sayen tsohon ƙarfe ce, daga Nima har Sabon Zongo da Ashaiman, da kuma iyalansu. Mutane na ɗauka hatsarin nukiliya sai inda ake da babbar tasha irin ta Chernobyl da ta fashe a 1986, toh ba haka bane. A 1987 a garin Goiânia na Brazil wasu mutum biyu suka ciro wani ƙarfe a tsohon asibitin ciwon daji (kansa) da aka bari, suka fasa suka sayar wa mai yadin ƙarfe, shi kuma da dare yaga garin ciki na haske shuɗi sai ya kai gida yana nuna wa dangi. Siziyom 137 ne, wani sinadari mai fitar da radiyeshon, wato haskaki mai cutar da jiki da ido baya gani. Mutum 4 suka rasu harda yarinya 'yar shekara 6, aka auna kusan mutum 112,000, aka samu 249 da burbushin. Irin haka ya sake faruwa a Tailan a 2000 da Indiya a 2010, duk a wajen masu ƙarfe.

Farko dai ka san alamar, fukafukai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa. In ka ganta, ko kaga ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa kuma an lulluɓe shi da darma, kar ka yanka kar ka buga da guduma kar ka sa aljihu, balle ka ɗauka ka shiga trotro dashi wai zaka kai wa hukuma. Bar shi inda yake, ja baya sosai, kori yara, kira 112 kace a sanar da hukumar kula da harkar nukiliya dake Kwabenya. Nasan kuɗin da ka biya zai maka zafi amma wlh bai kai ranka ba.

Wanda ya riga ya taɓa, ya tuɓe kayan jikinsa a ƙulle a leda a ajiye nesa, wannan kaɗai na cire mafi yawan burbushin. Yayi wanka da sabulu a hankali banda dirza fata, kar ya ci komai kafin ya wanke hannu. Sai asibiti, Korle Bu in a Accra ne, Komfo Anokye in Kumasi. Ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka taɓa irin wannan ƙarfe, domin amai da gudawa da jiri zasu sa a ɗauka maleriya ce ko abinci ya ɓata ciki, a Brazil ma haka akayi ta ruɗewa har kusan sati biyu. Ƙunar fata da zubewar gashi sai bayan kwanaki suke fitowa, kuma akwai lokacin da mutum zai ji kamar ya warke alhali jininsa na lalacewa, saboda haka in ance a dawo gwajin jini a dawo. Banda ƙaho, banda tsaga. A rubuta sunan duk wanda ya zauna kusa da abin.

Yanzu inda nafi so a ji. Wanda radiyeshon ya buga, bayan an wanke shi an auna likitoci sun sallame shi, ba ya sa wa kowa komai, ba kwalara bace. A Goiânia mutane har jifa sukayi don hana binne yarinyar nan, 'yan garin kuma aka riƙa ƙin karɓarsu a otal, yaran Fukushima ta Japan ma da aka kwashe bayan hatsarin tashar nukiliya a 2011 sun sha tsangwama a makarantu. Bayan Chernobyl an samu kansar thyroid (wani ƙullutu dake gaban wuya) a yara da suka sha madara mai burbushin, amma masana Majalisar Ɗinkin Duniya sunce damuwa da fargaba su suka fi taɓa jama'a da yawa. Toh ku je ku gaishe shi, ku ci tuwo kwano ɗaya, ku tsaya sahu ɗaya a masallaci, kar a fara cewa 'yarsa bazata auru ba. In ya haɗiyi burbushin ne likita zai faɗa muku yadda za'a kula da fitsari da bayan gida na ɗan lokaci.

Aikin ƙarfe na hannu baka hannu ƙwarya ne, mutum ya kwanta wata ɗaya gida ya tsaya, don haka 'yan yadi su tara masa ta momo ko a bashi ɗaukar susu kafin layinsa, liman ko sarkin zongo ya riƙe lissafi. A sabunta masa katin inshorar lafiya, a adana duk takardun asibiti a wuri ɗaya, don haɗarin ciwon daji na iya tasowa bayan shekaru kuma duk likitan da zai gani nan gaba zai nemi sanin abin da ya faru da ranar da ya faru.