Yadda Za Ka Busar Da Ramin Jijiyar Haƙori Kafin Ka Liƙe Shi

Abin da na fi son masu koyon aikin haƙori su gane shi ne, ba kowane simintin liƙe rami ne yake son bushewa iri ɗaya ba, don haka tun kafin ka ɗauko tsinken takarda, wanda ake tsane ruwan ramin da shi, ka fara duba wanne za ka sa.

In AH Plus ne, wato mai danƙon efoksi, to shi da ruwa ba sa ga maciji. Ka bar laima a bangon ramin sai ya ƙi kamawa, a samu 'yan kafofi tsakaninsa da dentin, wato ƙashin haƙori da ya zama bangon ramin, nan ƙwayoyin cuta za su bi su koma, bayan wata da watanni mutum ya dawo maka da kumburi. Shi kam ka busar sosai. Bayan ka wanke da magungunan wanke rami, wato haifokulorait da EDTA mai kashi 17, ka tsotse ruwan da siririn bakin tiyo, sannan ka riƙa sa tsinken takarda daidai girman ramin har ƙarshen tsawon da ka auna, kana ciro shi kana dubawa, in bakinsa ya yi laushi ya lanƙwashe to da saura, sai wanda ya fito a miƙe ƙyam ba jiƙa.

Amma siminti irin su EndoSequence BC da iRoot SP, masu kalsiyam silikat, labarinsu daban ne fa. Danshin da ke cikin ƙananan kafofin dentin shi ne yake sa su daskare. Nan mutane suke kuskure wallahi, sai a zuba barasa a ƙafar da ramin ƙarƙaf, simintin ya rasa ruwan da zai sha ya daɗe bai kama ba. Kuma ba wai ka bar ruwa kwance ba ne, wannan zai tsinka shi. Ka kwashe ruwan da tsinke ɗaya ko biyu ka tsaya, bango ya zama da ɗan danshi kawai.

Simintin zink oksaid da yujinol kuwa danshi yana sa shi saurin daskarewa, kafin ka gama zaunar da gutafaca, wato tsinken roba da ake cike ramin da shi, simintin ya yi tauri.

Robar kariya, wadda ake kewaye haƙorin da ita don tare miyau, dole ce, miyau ba danshin da muke magana ba ne, cike yake da ƙwayoyin cuta. In kuma tsinken yana fitowa da jini ko mugunya har yanzu, kar ka liƙe ranar, sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kalsiyam haidiroksaid a ramin ka rufe na wucin gadi, ka ba mara lafiyar wata rana ya dawo.