Yadda Ake Gano Tsohon Layin Dogo A Tsohuwar Taswira

Wallahi na gaji da ganin sabbin shiga suna sauke taswira ƙwaya ɗaya, su ɗora ta a Google Earth, su ce wai sun gano inda jirgin ƙasa ya bi. Ba haka ake yi ba.

Ka fara da shafin intanet na topoView na USGS, hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, akwai taswirori tun daga 1884 kuma kyauta ne, data kawai za ka ƙona. A cikin nau'o'in fayil ɗin da ake saukewa, ni KMZ nake ɗauka, wanda Google Earth ke buɗewa, GeoTIFF nauyi gare shi, sai ya cinye ma data a banza. Misali, a wurin bincike rubuta Santa Monica, wani gari a bakin teku a Kalifoniya, ka ɗauko aƙalla uku masu shekaru daban daban.

Layin dogo shi ne baƙin zaren nan mai ƴan gajerun zane a gicciye kamar ɗinkin buhu. Layukan ruwan ƙasa kuma tudu suke nunawa, in sun matse da juna to gangare ne mai tsauri, jirgi kuwa ba ya son hawa, shi ya sa za ka ga layin ya lafe a gindin tudu yana bin gaɓa, har ya shiga cikin teku a kan doguwar gadar lodin jiragen ruwa da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya gina wajen 1893, tsawonta ya haura kilomita ɗaya. Da aka zaɓi San Pedro, wani wuri daban a gaɓar, a matsayin tashar jiragen ruwa sai kasuwar gadar ta mutu, yanzu babu ita.

To ga inda ni na sha ƙasa: shekara. Taswira ɗaya sai ka ga shekara biyu ko uku a jikinta, ta awo daban, ta bugawa daban, ga kuma ta sake bugawa. Na taɓa kwana biyu ina musu da abokina kan wani layi, ashe ni shekarar bugu nake karantawa, awon kuwa ya girme ta da shekaru. Leƙa ƙasan takardar gefen hagu, ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, can gaskiyar take. In ka ga launin shunayya, ƙari ne da aka yi daga baya da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama.

Wajen daidaita tsohuwa da sabuwa kar ka kuskura ka bi bakin teku, yashi na tafiya, mutane kuma na cike ruwa su yi gini. Kama kan tudu ko tsohuwar mahaɗar titi. Sai ka rage duhun taswirar zuwa rabi, ka bi layin da alƙalamin Google Earth, ka adana.