Yadda za ka fara kallon fina-finan zanen Japan na soyayyar 'yan makaranta

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce masa ya ajiye Kimi no Na wa tukuna. Na sani, shi ne wanda ya zaga duniya da sunan Your Name tun da Makoto Shinkai ya fitar da shi a 2016, kuma fim ne mai kyau. Amma yana da gudu da ƙyalli, ga kiɗan ƙungiyar mawaƙa ta RADWIMPS na ɗaukar mutum sama. Idan da shi ka buɗe ido, sauran za su yi maka sanyi, ka riƙa cewa ba abin da ke faruwa. Su kuwa waɗannan fina-finai ba kasafai suke furta so da baki ba. Sukan ɓoye shi a cikin yanayin gari, da sunan da aka kira mutum da shi, da jirgin ƙasan da ya makara. Sai ka koyi duba waɗannan wuraren.

Kafin komai, ka zaɓi muryar Japananci da rubutun fassara a ƙasan allo. Wanda aka ɗora wa wata murya yana da sauƙin bi, sai dai yakan share wasu abubuwan da zan ambata a ƙasa. Ka sa abin ji a kunne idan a waya kake kallo, domin rabin aikin yana cikin sauti: ƙararrawar mashigar jirgi, ruwa a kan lema, takun takalmi a farfajiyar makaranta. Kada kuma ka tura gaba don an yi shiru.

Abu na biyu, ka riƙe kalandar makarantar Japan a ka. Shekarar karatu tana farawa a Afrilu, ta ƙare a Maris. Ƙaramar sakandare shekara 3 ce, babba ma 3. Furen sakura, wato furen itacen ceri, yana buɗewa ne daidai wannan gaɓa, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, saboda haka duk inda ka ga yana zuba, ko dai an haɗu ko ana shirin rabuwa. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta hutu ne, lokacin zafi da kukan semi, wasu ƙwari masu ƙara kamar gyare, da bikin wasan wuta, inda yarinya za ta fito cikin yukata, rigar gargajiya ta lokacin zafi, yaro ya rasa inda zai sa idonsa. Da kaka ake bikin makaranta, kowane aji ya shirya wasa ko rumfa. Sanyi kuwa na jarrabawar shiga makaranta ta gaba ne, daga Janairu zuwa Maris. Idan fim ya nuna maka 'yan ajin ƙarshe cikin rigunan sanyi, ya riga ya faɗa maka lokaci ya ƙure musu, ko da ba wanda ya ce uffan.

Sai sunaye, kuma nan ne na fi so ka buɗe kunne. A aji, da sunan iyali ake kiran juna, a liƙa kalmar ladabi, "san" ko "kun", a ƙarshe. Kiran mutum da sunansa na yanka alamar kusanci ce, ba kowa ake bai wa wannan izini ba. A fim ɗin Byosoku 5 Centimeter, Akari tana kiran jarumin da sunansa na yanka, Takaki-kun. Kanae kuwa, wadda ta shekara da shekaru tana sonsa a tsibirin Tanegashima, tana jiransa a inda suke ajiye babur don su koma gida tare, ba ta wuce sunan iyalinsa, Tono-kun, ba, shi ma da sunan iyalinta, Sumida, yake kiranta. Daga nan kaɗai ka san matsayin kowa. Akwai ƙananan abubuwa irin wannan da yawa: akwatin takalma a ƙofar makaranta inda ake saka wasiƙa, cakulan da 'yan mata ke bayarwa ranar 14 ga Fabrairu a rama musu ranar 14 ga Maris, maɓalli na biyu na rigar makaranta da yarinya ke roƙa ranar yaye ɗalibai. Za ka tsince su da kanka a hankali.

To, da wanne za ka fara? Da Mimi wo Sumaseba, wanda ake nema da sunan Whisper of the Heart. Kamfanin Studio Ghibli ne ya yi shi a 1995, Hayao Miyazaki ya rubuta, Yoshifumi Kondo ya ba da umarni, kuma shi kaɗai ne dogon fim ɗin da Kondo ya jagoranta kafin rasuwarsa a 1998. Shizuku tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, mayyar karatu ce, sai ta lura duk littafin da ta aro a ɗakin karatu akwai sunan wani Seiji Amasawa a katin aro, ya riga ta. Shi yaron burinsa ya je Cremona a Italiya ya koyi ƙera biyolin, wato gogen Turawa. Abin da ya sa nake sa shi a gaba shi ne yadda son ya zame wa Shizuku tambaya: shi ya san inda ya dosa, ni fa? Ta ba kanta wata biyu ta rubuta labari, makinta ya faɗi, gida ya ɗau zafi. Ka kula da zaman da mahaifinta ya yi da ita a kan tebur, ba tsawa, ya bar ta ta gwada amma ya gargaɗe ta cewa idan abin ya ƙi, ba wanda za ta ɗora wa laifi. Ka kula kuma da lokacin da ta miƙa wa kakan Seiji rubutun, ta ƙi zama kusa, ta fita tana jira cikin sanyi har ya gama. Da ya ce mata aikin ɗanye ne amma akwai abu a ciki, kuka ta fashe da shi. Ni a wurina wannan ya fi duk wata furta so da ke cikin fim ɗin.

Na biyu, Toki wo Kakeru Shojo na Mamoru Hosoda, 2006, wato The Girl Who Leapt Through Time. Wannan zai ba ka dariya. Wata ɗaliba, Makoto, ta samu ikon komawa baya a lokaci, ta ɓarnatar da shi a kan gyara jarrabawa da tsawaita waƙar karaoke. Ranar da abokinta Chiaki ya goyo ta a keke ya nemi su fara soyayya, sai ta yi ta tsalle baya tana goge maganar, don tsoron kada abotarsu ta sauya. Ka sa ido a lambar da ke hannunta.

Yanzu ka ɗauko Kimi no Na wa. Taki a Tokyo, Mitsuha a wani ƙauye da aka ƙirƙira mai suna Itomori, suna musayar jiki, kowa ya farka a cikin jikin ɗayan. Tun da idonka ya saba, za ka lura da igiyar saƙa da take ɗaure gashi da ita, da kwanan watan da ke kan wayoyinsu. Ba zan ƙara ba.

Koe no Katachi, ko A Silent Voice, shi ma na 2016 ne, aikin Naoko Yamada a kamfanin Kyoto Animation. Kada ka shige shi da tsammanin soyayya zalla. Shoya ya addabi Shoko, yarinya kurma, a firamare, yana fizge mata na'urar ji har mahaifiyarsa ta biya yen miliyan 1.7, kuɗin Japan. Ya girma ba ya iya kallon fuskar kowa, shi ya sa aka zana alamar X a fuskokin mutane, kyamara kuma ta yi ta nuna ƙafafu, domin nan idonsa yake. Ka bi hannayensu sosai, maganar kurame suke yi, ba duka ake fassarawa ba. Fim ne mai nauyi, akwai yunƙurin kashe kai a ciki, don haka ba na ranar da zuciyarka take a cushe ba ne.

Byosoku 5 Centimeter na 2007 ka bar shi ƙarshe. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne, kashi uku. A kashin farko Takaki, ɗan shekara 13, ya hau jirgi daga Tokyo zuwa tashar Iwafune a Tochigi, sun yi alkawarin ƙarfe bakwai na yamma da Akari. Ba wayar hannu. Dusar ƙanƙara ta yi ta tsayar da jirgin, iska ta kwashe wasiƙar da ya rubuta mata, bai isa ba sai bayan sha ɗaya na dare. Kusan duk kashin agogo ne da sanarwar jinkiri. Wanda ya fara da wannan zai kashe a minti goma. Wanda ya bi ta kan huɗun can ba zai iya tashi ba.

Akwai wanda ake yawan yabo da ni ban cika tura mutane gare shi ba, Kotonoha no Niwa na 2013. Ruwan saman da aka zana a lambun Shinjuku Gyoen ba shi da na biyu, amma yaron ɗan 15 ne, matar kuma 27, kuma hakan bai taɓa kwanta mini ba. In kana son wani mai natsuwa a madadinsa, ga Kokuriko-zaka Kara na Goro Miyazaki, 2011, labarin Yokohama a 1963.

Idan da ƙanne ko 'ya'ya za ka kalla, ka riga su gani. Hukumar tace fina-finai ta Japan, Eirin, tana da matakai huɗu, G da PG12 da R15+ da R18+, amma ma'auninsu ne, ba lallai ya zo daidai da na gidanka ba. Kimi no Na wa yana da barkwancin jiki saboda musayar da aka yi, da al'adun bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, a tsakiyar labarin. Mimi wo Sumaseba ne wanda zan kunna a falo ban riƙe rimot a hannu ba.