Yadda ake shirya gajeren fim da kuɗi kaɗan da ma'aikata biyar

Yawancin aikin gajeren fim mai ƙaramin kasafi a kan takarda ake yin sa, tun kafin a kunna kyamara. Duk abin da ba a yanke shawara a kansa a gida ba, a lokeshan za a biya shi da lokaci, lokacin kuma shi ne jarin da kake da shi, tunda mutanen da suka zo taya ka ba za su yi mako guda suna jira ba.

Rubuta labarin da ya yi daidai da abin da ke hannunka

Kafin ka rubuta layi ɗaya, lissafa wuraren da za a bar ka ka yi ɗauka ba tare da biya ba, da mutanen da ka san sun iya wasa, da kayan da za ka iya arowa. Daga wannan jerin za ka gina labarin. Jarumai biyu ko uku, wuri ɗaya ko biyu, shafi 5 zuwa 10. Idan an bi tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya yakan zama kusan minti ɗaya a allo.

Akwai abubuwan da suke da arha a rubuce amma suna cin rana guda a wurin ɗauka: fitowar dare a waje, ruwan sama, taron jama'a, hira cikin mota tana tafiya, ƙananan yara, dabbobi. Dare yana buƙatar fitilu masu ƙarfi da wutar da za ta riƙe su. Taro kuma yana buƙatar wanda zai tsare shi, ga masu kallon kyamara. In ba labarin ne zai rushe ba, cire su.

Kada tsawo ya ruɗe ka. A wurin masu ba da kyautar Oscar, fim mai minti 40 ko ƙasa da haka gajere ne, amma gasar gajerun finafinai ta Cannes a Faransa ba ta karɓar wanda ya wuce minti 15. Masu tsara bukukuwan fim sukan jera gajeru da yawa a zama ɗaya, don haka mai minti 8 ya fi mai minti 25 saurin samun gurbi. In ka gama rubutu, tara mutane su karanta shi da babbar murya kana duba agogo. Maganar da ta yi wa baki nauyi a nan za ka ji ta.

Raba aiki

Mutum biyar sun isa: darakta, mai kyamara, mai sauti, mai haske wanda kuma zai riƙa taya mai kyamara, sai mataimakin darakta da zai riƙe jadawali da kwantiniti, wato tabbatar da cewa tufafi da kaya ba su sauya ba daga ɗauka zuwa ɗauka. In dole sai an rage, a haɗa haske da kyamara, amma kada a taɓa kujerar mai sauti. Darakta kuma ya guji riƙe kyamara da kansa, domin wanda idonsa ke kan fokas ba ya ganin abin da fuskar jarumi take yi. Kowa ya sa hannu a takardar amincewa cewa za a yi amfani da hotonsa da muryarsa, mai wurin ma ya ba da izini a rubuce. Sa ciyar da ma'aikata da kuɗin motarsu a saman kasafi, gaban hayar kowace na'ura.

Duba wuri, sannan ka tsara ɗauka

Je wurin a daidai lokacin da za ka yi ɗauka, ba da safe ba in da yamma za a yi aikin. Tsaya shiru minti biyu ka saurara: firji, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, janareta, babban titi. Tambayi ko za a iya kashe su. Duba inda rana take shigowa, ƙirga soket, tafa hannu ka ji ko ɗakin yana amsa kuwwa.

Daga nan sai jerin ɗauka. Kowace fitowa a rubuta kusurwoyin da ake so: mai faɗi da ke nuna kowa, matsakaici, na kusa da fuska, da ƙananan abubuwa irin hannu a kan ƙofa. Ba a bin jerin labari wajen ɗauka. Ana gama duk abin da ke wuri ɗaya, kuma duk abin da kyamara ke fuskantar gefe ɗaya, kafin a juya, domin kowane juyi na kyamara da fitila yana cin minti 20 zuwa 30. Ƙaramar tawaga ta sa wa kanta shafi 3 ko 4 a rana, kusurwa 15 zuwa 20. Yi wa waɗanda labari ba zai tsaya ba sai da su alama. Idan rana ta yi nisa, ka riga ka san abin da za ka zubar. A yi atisaye da jarumai kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Sauti

Mai kallo yana yi wa hoto mai ɗan duhu uzuri, amma da zarar ya kasa jin magana zai tafi. Makirufon da ke jikin kyamara ko waya ba na ɗaukar hira ba ne, saboda yana nesa da baki, abin da yake kwasowa shi ne ɗakin gaba ɗaya. Nisa shi ne komai a nan. Makirufo mai arha da ke tazarar santimita 40 daga baki ya fi mai tsada da ke tazarar mita uku.

A ɗaura makirufo a doguwar sanda, a riƙe shi sama da kan mai magana, ɗan gaba kaɗan, yana kallon baki, a sauko da shi har sai mai kyamara ya ce ya shigo hoto, sannan a ɗaga kaɗan. In hoton mai faɗi ne, a yi amfani da ƙaramin makirufo na maƙalawa a ƙirji, a manne shi da filasta yadda tufa ba za ta riƙa gogarsa ba. A waje dole a sa masa rigar gashi mai tare iska. Soso kaɗai ba ya isa.

Saita rikoda a 48 kHz da 24-bit, magana ta riƙa kaiwa wajen −12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na rikodar. Idan ta taɓa 0, muryar ta fashe, gyaranta kuma da wuya. Mai sauti ya kasance da abin sauraro a kunne koyaushe, kuma a ba shi ikon cewa a sake. Ɗakin da ke amsa kuwwa ana kashe amonsa da barguna da katifa a bango da ƙasa, a inda kyamara ba ta gani. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa 60. Da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu, in babu shi kuwa duk inda aka yanka sai an ji.

Kyamara da haske

Wayar zamani ko ƙaramar kyamara ta isa, muddin za a iya kulle saitinta. Zaɓi firam 24 ko 25 a daƙiƙa ka tsaya a kansa har ƙarshen fim. Saurin shota, wato ɗan lokacin da haske ke shiga kyamara a kowane firam, ya zama kusan ninki biyu na firam, wato 1/50 na daƙiƙa. Inda wutar lantarki take 50 Hz, firam 25 da 1/50 suna hana fitila kyaftawa a hoto. Inda take 60 Hz, 1/60 ake so. Idan hasken rana ya yi yawa, kada ka ƙara saurin shota, motsi zai riƙa tsalle. Sa gilashin ND mai rage haske a gaban lens. Kulle fokas da haske da daidaiton fari da hannu: kusan 5600K ga hasken rana, 3200K ga kwan fitila mai ja-ja. In ka bar su a otomatik, launi zai riƙa sauyawa a tsakiyar magana. Ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, sai dai in labarin ne ya nemi girgiza.

Babbar taga ita ce fitilar da ta fi arha. Zaunar da jarumi hasken yana zuwa masa daga gefe, a sa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwa. In rana ta yi kaifi, rataya farin ƙyalle marar kauri a tagar. Kashe kwan da ke rufin ɗaki: yana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, kuma launinsa yana faɗa da na taga. Janye jarumi daga bango kamar mita ɗaya da rabi, hoton zai yi zurfi. Illar taga ita ce rana tana tafiya, don haka a gama fitowa ɗaya cikin awa biyu ko uku, in ba haka ba kusurwoyin ba za su haɗu ba.

Ranar ɗauka

Fara da hoto mai faɗi, a yi fitowar daga farko har ƙarshe, sannan a matso. Idan mutum biyu suna magana, ƙaddara layi a tsakaninsu ka tsaya a gefe ɗaya nasa. Da ka tsallaka, a allo za a ga dukansu suna kallon gefe guda kamar ba da juna suke magana ba.

Kowace ɗauka a faɗi lambar fitowa da ta ɗauka, a tafa allo ko hannu a gaban kyamara, da wannan tafin za a haɗa sauti da hoto. A bar kyamara ta yi daƙiƙa biyar kafin a ce a fara, da biyar bayan an gama. Mataimakin darakta ya ɗauki hoton tufafi da kayan kan tebur da waya, ya rubuta hannun da aka riƙe kofi da shi da kuma ɗaukar da darakta ya fi so. Idan an samu mai kyau, a ƙara ɗaya don tsaro a wuce. Ɗauka ta goma ba kasafai take fin ta uku ba, jarumi dai yake gajiya.

Bidiyon da ake ɗauka a 100 Mbps yana cin kusan 45 GB a awa, sai a tanadi kati da batir daidai da haka. Da an tashi, a kwafe komai zuwa rumbun ajiya biyu daban, a buɗe fayilolin a tabbatar suna aiki, sannan a goge kati.

Tacewa da fitarwa

Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve tana da sigar kyauta da ke yanka hoto, gyara launi da haɗa sauti. Jera fim ɗin yadda aka rubuta, sannan ka fara ragewa: shiga kowace fitowa a makare, fita da wuri. Gaisuwa da buɗe ƙofa da tafiya zuwa kujera galibi ba sa ƙara komai. Nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba, ka tambaye su abin da suka fahimta da inda hankalinsu ya tafi, maimakon ko ya burge su.

Sai an kulle hoto, wato an gama yanka gaba ɗaya, ake shiga gyaran sauti da launi, in ba haka ba kowane sabon yanka zai wargaza aikin. A fara daidaita kusurwoyi su yi kama da juna kafin a nemi wani salon launi. Kiɗa kuwa, kada a sa na wani ba tare da izini a rubuce ba: YouTube na iya toshe fim ɗin ko ya karkatar da kuɗinsa, bukukuwa kuma suna neman ka tabbatar kana da haƙƙin duk abin da ke ciki. Saurari haɗin ƙarshe a lasifikar waya da ta kwamfuta, ka tabbatar kiɗa bai danne magana ba.

Ajiye babban kwafi a tsarin bidiyo mai inganci na ProRes, ka fitar da wani a tsarin H.264 mai ƙaramin nauyi don intanet, fassarar ƙasan allo kuma a fayil ɗin SRT daban. Yawancin bukukuwa ta shafin intanet na FilmFreeway suke karɓar fim. Karanta ƙa'idar kowanne kafin ka saki naka ga jama'a, domin wasu ba sa karɓar wanda aka riga aka sa a intanet. Har zuwa lokacin da za su amsa, a bar shi a mahaɗi mai kalmar sirri.