Yadda za ku haɗa filin tashin jiragen rimot idan kuna da kulob

Masu harkar ƙananan jiragen nan na rimot da zarar sun kai su biyar ko shida sai ka ji an fara maganar a samu fili na kanmu, saboda filin ƙwallon makaranta ya yi kaɗan ga yara na gudu ta ko'ina ga mai gadi kullum sai an ba shi haƙuri. To abin da yawanci ake fara tunani shi ne titin da jirgi zai gudu ya tashi, a kawo gireda a share, alhali gaskiya titin nan shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Abin da kuke nema shi ne sararin sama da ba kowa a ƙarƙashinsa, da kuma maƙwabtan da ba za su kore ku ba bayan wata uku.

Ku yi lissafi da kanku. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kenan idan rimot ya ɗauke ko batir ya mutu, cikin daƙiƙa goma ya yi mita 280, kuma farfelarsa tana yanka yatsa ba wasa. Don haka idan kun tsaya a inda kuke so matuƙa su riƙa tsayawa, gabanku ya zama fayau aƙalla mita 200 zuwa 300, hagu da dama ma haka, ba gida ba makaranta ba kasuwa ba babban titi, ba wayar wuta ba ƙarfen sabis. Gona ce ko daji ba komai amma ku san mai gonar, domin wata rana sai kun shiga cikin geronsa neman jirgi, wannan kam ba makawa. Dogayen bishiyoyi a bakin titi ta inda ake sauka su ma matsala ne, ba karo kaɗai ba, iska tana birkicewa a bayansu sai ka ga jirgi yana zuwa lafiya lau kawai ya yi ƙasa.

Sai maganar hukuma, kuma wlh kar wanda ya ce muku ai wasan yara ne ba ruwan kowa. A Amurka da Ingila doka ta kayyade tsayin tashi a ƙafa 400, kusan mita 120, kuma dole idonka na kan jirgin ko da yaushe. A Najeriya NCAA, wato hukumar kula da harkokin jiragen sama ta ƙasa, ita ce ke kula da duk wani jirgi marar matuƙi, tun 2016 ta sanar cewa ba a tashinsu sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma da halin da ake ciki a arewa kowa ya san jami'in tsaro ya hango abu na shawagi ba zai tsaya tambayar ko jirgin wasa ne na soso ba. Ku nisanci filin jirgi da bariki sosai, wanda ke Kano ya san inda filin Malam Aminu Kano yake, na Zariya ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a cikin gari jiragen ɗalibai na yawo ƙasa-ƙasa, na Kaduna ga sansanin sojan sama. Ku rubuta takarda da sunan kulob, ku kai wa DPO na yankin kwafi, ya san ku ya san ranakun da kuke fitowa.

Filin kansa ba lallai ku saya ba, haya ta fi sauƙi, sai dai a rubuta. Shekara nawa, nawa ne kuɗin, an yarda ku zuba ƙasa ku kafa rumfa ko a'a, idan mai fili zai karɓi abinsa wata nawa zai ba ku kafin nan. Mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a matsayin shaida. Ku kuma tambaya ko wurin burtali ne, don idan hanyar shanu ce to duk rolar da kuka bi garke ɗaya ya wuce bayan ruwan sama an koma gidan jiya.

Yanzu ina titin zai kalla? Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, saboda haka titi yana bin hanyar da iska ta fi bi. Mu a nan abin ya zo da sauƙi, da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma, layi ɗaya ne kenan, in kun shimfiɗa titin a kan wannan layin ya yi muku duk shekara sai dai ku canja ta inda kuke tashi. Amma kar ku dogara da wannan kaɗai, tudu ko rukunin bishiyoyi na iya karkatar da iskar wuri, ku kafa sanda da ƙyalle ku riƙa zuwa kuna dubawa a lokutan da za ku riƙa tashi. Rana ita ce ta biyu, ana so ta kasance a bayan matuƙi. Idan 'yan safe ne ku, ku tsaya ta gefen kudu maso gabas kuna kallon arewa maso yamma, idan kuma bayan la'asar kuke haɗuwa to akasin haka ya fi, in ba haka ba jirgi zai shige cikin ƙwayar rana ka nemi shi ka rasa. Ni dai safiya na fi so, iska ba ta tashi ba tukuna kuma batir bai sha zafi ba.

Girman titi, mita 100 tsawo da mita 12 zuwa 15 faɗi ya ishi jiragen koyo da yawancin na lantarki, masu manyan jirage su ƙara zuwa 150, kuma ku bar wani fili sharare a kowane ƙarshe saboda wanda ya zarce. Kwalta da siminti ku manta da su a farko, tsada, kuma fili ba naku ba. Ciyawa irin kiri-kiri tana da daɗin sauka tana rage ɓarna idan an faɗi, amma da rani sai da ban ruwa, idan babu rijiya ko bohol kusa asara ce. Abin da ya fi dacewa da mu jar ƙasa ce da aka danne. A kankare saman a cire saiwoyi da duwatsu, a tone duk wani suri har gindinsa don gara tana dawowa, a zuba jar ƙasa mai laushi ba mai manyan tsakuwa ba, tayar jirgin nan ƙarama ce tsakuwa ɗaya ta isa ta kifar da shi ta karya farfela. Titin mita 100 da faɗin 12 da kaurin santimita 10 zai ci ƙasa mita kubik 120, da wannan za ku je wa mai tifa ku yi ciniki. A yayyafa ruwa da tanka, ta jiƙa amma kar ta zama taɓo, rola ta bi ta sake bi. Tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, kamar santimita 1 ko 2 a kowace mita, da 'yar kwata a gefe, ruwa ya riƙa gangarewa. Ƙarshen damina ya fi dacewa da wannan aikin lokacin ƙasa na da danshi. Gefen titi kuma a bi a tsince ƙarangiya da tsidau, su ne ke cika taya da ƙafar wando.

Bayan titi sai tsarin tsayuwar mutane, a nan ne hatsari ya fi faruwa. Ku ja layi ɗaya a gefen titi ta ɓangarenku wanda jirgi ba ya ƙetare shi ko na waye, ko shugaban kulob ne. Bayan layin matuƙa su tsaya a jere kusa da juna yadda za su ji muryar juna idan wani ya ce zan sauka, da ɗan shingen raga iya gwiwa ko ƙugu a gabansu. Bayansu wurin haɗa jirage da tebura, bayan nan 'yan kallo, can baya motoci da babura. Ƙungiyar AMA ta masu ƙananan jirage a Amurka, wadda aka kafa tun 1936, tana ba da shawarar 'yan kallo su kasance aƙalla ƙafa 65 daga wancan layin, kusan mita 20, motoci kuma ƙafa 80. A wurinmu ni zan ce ku ƙara, saboda ranar farko yaran ƙauyen gaba ɗaya za su zo, kuma igiya kawai ba ta tsayar da su, sai an sa mutum ɗaya babba aikinsa kenan. Ku kira manyan cikinsu ku nuna musu jirgin su taɓa, ku gaya musu in ya faɗi kar a ɗauka a kira ku, wanda ya nuna inda yake a ba shi ɗan wani abu.

Rumfar kwano ko ta zana dole ce saboda batiran LiPo, irin waɗanda jiragen lantarki ke amfani da su, ba sa son zafi, kar a bar su cikin mota a rana. Wurin caji ya zama gefe guda nesa da fetur da busasshiyar ciyawa, sola ɗaya da batirin mota ya isa, a ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara da akwatin magani mai bandeji da yawa. Batirin da ya kumbura ko ya bugu a faɗuwa ba a sake caja shi. Ku kafa tutar iska mai kamar ƙafar wando a inda kowa zai gani. Rimot na yanzu masu 2.4GHz ba sa shiga juna, amma in akwai mai tsohon rimot na 35 ko 72MHz sai ya sanar kafin ya kunna.

Masu injin mai su sa salansa, a Ingila ma'aunin da kulob-kulob ke bi shi ne kar ƙara ta wuce desibel 82 daga nisan mita 7, ku ma ku sa lokaci, ba tashi da sassafe can ba tashi lokacin sallar Juma'a in akwai masallaci kusa. Dokokin ku rubuta su a allo da Hausa, jirgi nawa ne a sama lokaci guda, sabon shiga ba ya tashi sai da wanda ya iya a gefensa, wanda jirginsa ya yi ɓarna shi zai biya. Kuɗin wata-wata kuma ku ware wani kaso tun farko na hayar rola da cike zaizaya, don duk bayan damina sai an sake bin titin nan.